Daga Ayari Zuwa Layin Dandima: Tarihin Kuɗin Motar Ɗalibi a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa kwana a Runjin Sambo lokacin da jami'a ke cikin karatu, ya san ba ladan kaɗai ke tada mutane da asuba ba. Da an sallame salla, tun gari bai gama wayewa ba, za ka fara jin takun samari da 'yan mata, kowa da jakarsa a kafaɗa, ana sauri a kai Dandima kafin layin mota ya yi tsawo. Shekara da shekaru ina wuce su a kan hanyata ta zuwa makarantar da nake koyarwa, ban taɓa tsayawa na yi wa abin dogon tunani ba, sai ran da na ci karo da wata tsohuwar ɗalibata, yarinyar da ba ta taɓa wuce na uku a ajina ba, tana tsaron shagon mahaifiyarta da hantsi.

Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce mata, "Ke kuwa yau Talata, ba ku da lacca ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Akwai, Malam. Kwana ukku nika zuwa cikin mako. Baba ya ce kuɗɗin motar da shika iyawa ke nan. Sauran kwanakkin sai in ari littahin ƙawata in kwahe."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Kuɗin rajista an biya, littattafai an saya, ƙwaƙwalwa kuma Allah ya ba ta, amma 'yar tazarar da ke tsakanin ƙofar gidansu da ƙofar aji ta cinye mata kwana biyu a kowane mako. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya baya, mu ga yadda na gabanmu suka yi da wannan tazara, domin kuwa ba yau ta fara ba.

Tun kafin zuwan Turawa, neman ilmi a ƙasar nan tafiya ce. Shi kansa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, sai da ya bar Degel ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Almajirin wancan zamani ba ya da kuɗin hayar raƙumi ko jaki, kuma ba ya iya ratsa daji shi kaɗai saboda 'yan fashi da namun dawa. Abin da yake yi shi ne ya raɓu da ayarin fatake. Madugu ya san hanya, ya san rijiyoyi da zango, shi kuma almajiri ya taimaka da ɗaurin kaya da kiwon dabbobi, ya yi limanci ko ya rubuta wasiƙa in an bukata. Da haka yake biyan kuɗin hanyarsa ba tare da ya fitar da wuri ko ɗaya ba. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu sake cin karo da shi a gaba.

Da Turawa suka kafa makarantun boko, sai tafiyar ta sake kama. An buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, kuma daga lardunan Arewa ake zaɓo yara a tura can. Sardauna Ahmadu Bello ya shiga kwalejin a 1926, ya fita a 1931, ya kuma ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa a ƙasa suke takawa daga Sakkwato zuwa Katsina, tafiyar kimanin mako guda. Su ma a ƙungiya suke tafiya, ana yada zango a garuruwan da ke kan hanya. Wanda ya yi irin wannan tafiya ba ya zuwa gida sai babban hutu.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, a nan kuma ya tsaya. Har yau da nake wannan rubutu dogo bai taɓa shigowa birnin Sakkwato ba, kuma wannan rashi na daga cikin manyan dalilan da suka sa tafiyar ɗalibin Sakkwato ta fi ta takwaransa na Kano ko Zariya tsada. Bayan an mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya a 1949, yaran lardinmu irin su Alhaji Shehu Shagari, wanda ya yi karatu a Kaduna daga 1941 zuwa 1944, dole su fara ratsa fiye da kilomita 200 kafin su ga tashar jirgi a Gusau.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi karatu a Zariya gab da samun mulkin kai. Na taɓa tambayarsa nawa suke biya. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu da munka yi karatu ba mu san kuɗɗin mota ba. Takarda aka ba mu." Takardar nan ita ce waranti. Hukuma ke rubuta ta, ɗalibi ya miƙa a tasha a ba shi tikiti, daga baya a biya daga baitulmali. Motar katako ce ke kai su Gusau, suna zaune bisa buhuna, ƙura ta rufe su har ba ka gane mai fari da mai baƙin riga. Wahala kam akwai ta, amma aljihun uba bai san an yi ba. Dalili kuwa a fili yake: 'yan makaranta kaɗan ne, En'e kuma na matuƙar bukatar malamai da akawuna, saboda haka ita ta ɗauki nauyin kai su da dawo da su.

A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa sababbin jami'o'i bakwai, Sakkwato na cikinsu. Aka fara karatu a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, a mazaunin wucin-gadi da ke cikin gari. A 1988, zamanin Farfesa Mahdi Adamu, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mazauninta na dindindin kuwa can aka kai shi wajen Dundaye, a hayin fadamar gulbin Rima. Haka aka saba yi a lokacin, a nemi fili mai faɗi nesa da hayaniyar gari, kamar yadda aka kai Jami'ar Ahmadu Bello Samaru, aka kuma kai sabon mazaunin Bayero hanyar Gwarzo. Masu tsarin sun yi shi ne bisa zaton kowane ɗalibi zai sami gado a ɗakin kwana, ya ci abinci a makaranta, ba zai nemi mota ba sai ran hutu. To amma ɗalibai sun yi ta ƙaruwa ninki-ba-ninki, ɗakunan kwana ba su ƙaru daidai da su ba. Nan ne aka haifi sabuwar tafiya wadda na da ba su sani ba, wato ta kullum: safe a tafi, yamma a dawo. Unguwannin da ke bakin hanyar, irin tamu, suka cika da ɗalibai 'yan haya.

Da farko abin bai yi ciwo ba, don mai na da araha. A farkon shekarun 1980 kwabo 20 ake sayar da litar fetur. A 1986, shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, ta koma kwabo 39 da rabi. A watan Afrilun 1988 aka ƙara zuwa kwabo 42, ƙarin da bai kai kwabo uku ba, amma sai da ɗalibai suka fito zanga-zangar da ta faro daga Jos ta bazu cikin ƙasa. A shekarar ce gwamnati ta ƙaddamar da shirin motocin sufurin jama'a, jihohi suka sami bas-bas masu rangwame. A ƙarshen 1993 lita ta tashi daga kwabo 70 zuwa naira 5, aka dawo da ita naira 3 da kwabo 25, sannan a 1994 ta tsaya a naira 11. Ga kuma dogayen layuka a gidajen mai, ga 'yan bumburutu da jarkokinsu a bakin titi.

A cikin wannan matsi ne kabu-kabu ya yi ƙarfi a Sakkwato, abin da Kanawa ke kira acaɓa. Ma'aikacin da albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata ya mayar da babur ɗinsa na haya da yamma, har ma da ɗaliban da ke yin kabu-kabun don su sami na rajista. Su kuma fasinjoji suka koyi hawa biyu a babur ɗaya a raba kuɗi. Ni kaina lokacin da nake karatun difloma, tsohon keken mahaifina ne ya fisshe ni. Mu biyu muke hawa da wani abokina, ni in tuƙa da safe, shi ya tuƙa da yamma, kuɗin faci kuma a raba. Ran da taya ta ƙi, sai mu tsaya bakin hanya muna ɗaga hannu ko Allah zai kawo mai rage mana hanya, kuma sau da yawa malamanmu ne ke tsayawa.

Ba za a yi tarihin wannan hanya a tsallake shekarar 2010 ba. A watan Satumba na shekarar, bayan ruwan sama mai yawa da kuma wanda ya kwararo daga madatsar Goronyo, ambaliya ta cinye gada da titin da suka haɗa jami'a da gari ta wajen Kwalkwalawa. Dare ɗaya makaranta ta koma tsibiri. Na je bakin ruwan da idona na ga malamai da ɗalibai, wasu da takardu a ka, suna shiga kwalekwalen masunta. Masu mota kuwa sai sun yi dogon zagaye ta hanyar Illela, kuɗin mai ya ninka. Karatu ya tsaya na wani lokaci, daga baya sojoji suka kafa gadar wucin-gadi kafin a yi gyara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutanen ƙauyukan da gonakinsu ke ƙarƙashin ruwa, su ne suka riƙa tsallakar da 'yan boko. Jikokin masu jirgin fito na zamanin ayari sun koma aikin kakanninsu.

Sai kuma ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Kuɗin bas, da na keke Napep, da na kabu-kabu duk suka bi ta. Tafiyar hutu ta fi muni, don ban da tsada ga matsalar 'yan bindiga a hanyoyin Zamfara da gabashin Sakkwato. Da can ɗalibi kan bi motar dare ko ya hau bayan babbar mota don araha. Yanzu mai hankali ba ya yarda dare ya riske shi tsakanin Gusau da Funtuwa, saboda haka dole ya biya motar safe ko nawa ce, in kuma ya makara ya kwana a tasha. A 2024 an kafa asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara da ba da naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Ya rage wa waɗansu zafi, sai dai bashi ne, kuma mai zuwa daga gari kullum ya san inda mafi yawansa ke tafiya.

To yaya yaran ke yi? Na zauna da da yawa daga cikinsu, abin da na ji kuwa ya ba ni mamaki, don kusan duk dabarun tsofaffi ne. Ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na ƙananan hukumomi kan tattara sunaye in jarrabawa ta kusa ƙarewa, a yi karo-karo a ɗauki shatar mota guda tun daga makaranta har gida. Kujera ta fi ta tasha sauƙi, ba ruwansu da ɗan kamasho, ba a kuma biyan kuɗin kaya daban, ga shi iyaye sun fi samun natsuwa in sun san 'yarsu na cikin 'yan garinsu. Wannan ai ayari ne, shugaban ƙungiya kuma madugu. Waɗansu kan nemi direban garinsu da ya kawo kaya zai koma wayam, ya ɗauke su a rabin kuɗi ko don Allah. Masu gado a makaranta kan raba shi da aboki daga Litinin zuwa Alhamis. Na nesa kuwa sun rage zuwa gida, sai ƙarshen zango, ƙaramar salla ma a nan wasu ke yin ta tare da mu.

In mai karatu ya dubi wannan tarihi tun daga farkonsa, zai ga ba a taɓa yin zamanin da ɗan talaka ya ɗauki nauyin hanyarsa shi kaɗai ya kai ba. Fatake sun ɗauka, En'e ta ɗauka, arahar mai ta ɗauka, masunta ma sun ɗauka. Yau biyu na tsakiya sun janye, saura mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Motoci nawa ke fita daga Runjin Sambo kowace safiya su nufi hayin gulbi da kujeru uku babu kowa? Masu hali nawa ne a unguwa da ke raba hatsi da azumi, waɗanda ba su taɓa tunanin biya wa ɗalibi ɗaya kuɗin motar zango guda ba?

Ita dai ɗalibar tawa, na yi magana da wani maƙwabci da ke aiki a can, ya yarda ya riƙa tafiya da ita da ƙawarta ranakun Talata da Laraba. Ban da fita da wuri da minti goma, bai yi asarar komai ba. Rannan ta tsayar da ni a hanya ta ce, "Malam, wanga zangon ban rasa lacca ko guda ba." Allah ya ba mu ikon rage wa na bayanmu hanya, kamar yadda aka rage mana, amin.