Yadda ƙaramar kalmar "do" ta mamaye Ingilishi

Duk wanda ya zauna a ajin Ingilishi tun daga firamare ya haddace ƙa'idar: in za a yi tambaya ko a kore magana, sai a jawo *do*, *does* ko *did*. *He works* ta koma *Does he work?*, *She came* kuma ta koma *She did not come*. Malamai kan miƙa ta a matsayin doka, ɗalibai su karɓa ba tare da neman dalili ba. Amma in aka tsaya aka duba, kalmar ba ta ƙara wa jimlar wata ma'ana. Asalin ma'anar *do* shi ne "yi", alhali a *Do you know him?* babu wani abu da ake yi. Jamusanci da Holanci, waɗanda suka fito daga tsatso ɗaya da Ingilishi, ba su wajabta irin wannan kalma ba: Bajamushe in zai yi tambaya, aikatau kawai yake turawa gaban jimla. Ingilishi ma haka ya yi ƙarni bayan ƙarni. Ƙa'idar da ake faɗuwa jarrabawa saboda ita, shekarunta da kankama ba su wuce 300 da 'yan kai ba.

Kafin zuwanta

A tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi a Ingila daga wajen shekarar 450 zuwa 1100, ana kore magana ne da 'yar kalmar *ne* a gaban aikatau. Da yake ba ta da nauyi a baki, sai masu magana suka riƙa ƙarfafa ta da wata kalma a bayan aikatau mai ma'anar "ba komai", wadda daga baya ta tsuke ta zama *not*. An daɗe ana haɗa su biyun, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar yadda Bahaushe ke kewaye aikatau da "ba" biyu a "ba su zo ba", ko Bafaranshe da *ne* da *pas*. Zuwa ƙarni na 15 *ne* ta ɓace, aka bar *I know not*. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya bayyana wannan juyi a littafinsa kan korewa na 1917, kuma har yau masana na kiran tsarin da sunansa.

Tambaya kuwa musayar wuri ce kawai tsakanin aikatau da aikau. Mutumin Landan na shekarar 1400 zai ce *Know you the man?* ko *What said he?*, babu wanda zai ɗaga kai ya dube shi.

Daga ina ta fito?

Wannan *do* marar ma'ana ta fara bayyana ne a rubuce-rubucen ƙarni na 13, musamman waƙoƙin kudu maso yammacin Ingila. Masana sun kasu biyu kan asalinta. Kaso na farko na ganin ta samo tushe ne daga *do* mai ma'anar "sa a yi". A wancan zamani, jimla irin *The king did build a castle* tana iya nufin sarki ya sa an gina ganuwa. Mu ma mukan ce sarki ya gina masallaci, alhali magina ne suka kwaɓa ƙasar. Tunda mai sauraro ba ya damuwa da bambancin "ya gina" da "ya sa an gina", sannu a hankali *did* ta zubar da ma'anarta, ta zama alamar shuɗaɗɗen lokaci kurum.

Kaso na biyu, wanda Ba'amurken masani John McWhorter ya yayata a littafinsa na 2008, na cewa aro ne daga harsunan mutanen da Turawan Ingila suka tarar a tsibirin. Harsunan yankunan Wales da Cornwall suna amfani da aikatau mai ma'anar "yi" a matsayin mataimaki, kuma yankunan suna maƙwabtaka da inda kalmar ta fara ɓulla. Har yanzu muhawarar ba ta mutu ba.

Abin da babu gardama a kansa shi ne yadda ta yaɗu. A 1953 wani masani ɗan Suwidin, Alvar Ellegård, ya wallafa sakamakon ƙirga dubban jimloli daga rubuce-rubucen da aka yi tsakanin 1400 da 1700. Ya gano cewa *do* ba ta shiga ko'ina lokaci guda ba. Ta fara kama tambayoyi masu korewa, sannan tambayoyi na yau da kullum, sannan jimlolin korewa. Wasu aikatau irin *know*, *doubt* da *care* sun daɗe suna turjiya, shi ya sa *I know not* ta rayu bayan takwarorinta sun shuɗe. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, tsarin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, marubuci ya zaɓi wanda ya fi dacewa da karin baitinsa.

Abin da ya ba ta nasara

Tsohon Ingilishi yana da ɗafa-ƙeya masu nuna wanda ya yi aiki da wanda aikin ya faɗa wa. Bayan mamayar Normandawa ta 1066, waɗannan alamomi suka ci gaba da zaizayewa har suka kusa ƙarewa, aka bar jeren kalmomi shi kaɗai yana rarrabe aikau da karɓau. Nan tsohuwar hanyar tambaya ta zama matsala. A *Saw the king the man?* sunaye biyu sun haɗu a bayan aikatau, sai mai sauraro ya yi lissafi kafin ya gane wa ya ga wa. Amma a *Did the king see the man?*, *did* ce ta tafi gaba ta sanar da tambaya, sauran jimlar ta zauna daram: aikau, aikatau, karɓau.

Ana ganin ragowar wannan dalili a Ingilishin yau. *Who called Musa?* ba ta buƙatar *did*, domin wanda ake tambaya a kansa shi ne mai kiran, kuma yana wurinsa na farkon jimla. *Who did Musa call?* kuwa tana buƙatarta, domin Musa ne ya yi kiran.

Akwai wuri ɗaya da *do* ta shiga sannan aka kore ta. A tsakiyar ƙarni na 16 an yi yayin cewa *I do think* ko *he did come* ba tare da nufin jaddadawa ba, ko da yake a ƙididdigar Ellegård yayin bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan jimloli ba. Daga baya aka fara ƙyamarsa. Mawaƙi Alexander Pope ya yi wa masu cike baiti da irin wannan kalma ba'a a 1711, Samuel Johnson kuma ya kira salon aibi a bayanin nahawun da ya sa a gaban ƙamusunsa na 1755. A yau *I did pay* musu ce ga wanda ya ce ba ka biya ba. Tsohon salon ya fake ne a harshen shari'a: *do solemnly swear* da shugaban Amurka ke furtawa ranar rantsuwa, wadda kuma ke cikin Jadawali na Bakwai na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, daga wancan zamani ta gangaro.

Kalmomin da *do* ba ta ci da yaƙi ba su ne *be* da mataimakan aikatau irin *can*, *will* da *must*. *Is he ready?* da *She cannot come* tsohon tsari ne tsantsa. *Have* kuwa ta tsaya a tsakiya: dattijon Birtaniya zai iya cewa *Have you any money?*, Ba'amurke ya ce *Do you have any money?*

Amfanin sanin wannan

Kurakuran da aka fi ji a ofisoshi da ɗakunan ganawar neman aiki, irin *Did you went?* da *He doesn't knows*, duk daga tushe ɗaya suke: an ɗora alamar lokaci sau biyu. Aikin da tarihi ya bar wa *do* shi ne ta ɗauke wa aikatau kayansa, wato lokaci da korewa da tambaya, shi kuma ya tsaya a siffarsa ta asali. In an sa *did*, an riga an nuna cewa abin ya wuce, saboda haka *go* ba ya buƙatar zama *went*. Haka kuma, in tambaya ta koma labari, aikinta ya ƙare: *I asked where he went*, babu *did*.

Mai jin Hausa ya fi kowa sauƙin kama wannan, domin haka harshensa yake a gine. A "ya tafi", "zai tafi" da "bai tafi ba", kalmar "tafi" ba ta motsa ba. Lamirin da ke gabanta ne ke sauyawa. Ingilishi ya shafe ƙarni huɗu kafin tambayoyinsa da korewarsa su iso wannan tsari, ya bar *went* da *works* a jimlolin tabbatarwa kawai. Malamin da ya jera wa ɗalibi "bai tafi ba" kusa da *he did not go* a kan allo, ya rage masa haddar wata guda.