Bashin da tsofaffin soja ke bin mu

Ya kai mai karatu, wataƙila akwai tsohon soja a garinku, ko ka ji ana ambaton wani da ya rasu. Ka san inda ya je? Ka san abin da idonsa ya gani? Matso mu bi tarihi tare.

A shekarar 1857 gwamnan Faransa na Senegal, mai suna Faidherbe, ya kafa rundunar sojan baƙar fata. Ana kiran su sojan Senegal, amma ba ƴan Senegal kaɗai ke ciki ba. Da mulkin Nasara ya kafu a Nijar, sai aka shiga ɗibar samarinmu. Daga 1919 doka ta ce a ɗebi soja kowace shekara, kowa ya yi shekara 3. Kumandan ya yanka wa sarki adadi, sarki ya raba wa masu gari. Da yawa ba da son ransu suka tafi ba. Suka bar gona da iyaye, aka sa musu jar dara, aka kai su ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba.

A 1939 yaƙin duniya na biyu ya tashi. A 1940 Jamus ta ci Faransa. Dubban sojan Afirka suka mutu, aka kama wasu dubbai. A garin Chasselay, Jamusawa suka ware baƙaƙe daga cikin farare, suka harbe su. Ran 15 ga Agusta 1944 rundunar Faransa ta sauka a gaɓar teku ta kudancin ƙasar, da sojan Afirka masu yawa a cikinta. Da jininsu aka ƙwato biranen Toulon da Marseille.

To, mene ne tukuicinsu? Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan da suka dawo daga hannun Jamus suka nemi kuɗinsu da aka riƙe. Aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi sun ce sun fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne.

Duk da haka ba a daina ɗibar soja ba. Aka kai wasu yaƙin Indosin, daga 1946 zuwa 1954, wasu yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya je duka biyun. Waɗanda suka dawo gida su ne ginshiƙin rundunar sojan ƙasarmu da aka kafa a 1961.

A 1959 Faransa ta yi dokar da ta tsayar da fanshonsu wuri guda. Na Bafaranshe yana ƙaruwa, na ɗan Afirka ba ya motsi, alhali rami ɗaya suka kwana. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya a 2001. Sai a 2011 aka gama daidaita kuɗin. Kafin nan mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Ka gani, Faransa ta makara wajen biyan bashinta. Mu kada mu makara da namu. Waɗanda suka rage kaɗan ne, kuma tsufa ya kama su ƙwarai. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. In akwai ɗaya kusa da kai, je ka gaishe shi, ka ce masa: "Baba, sannu da aiki, mun gode." Tun da yanzu ka iya rubutu, ɗauki littafinka. Rubuta sunansa, da garinsa, da shekarar da aka ɗebe shi, da inda ya yi yaƙi. In ya rasu, tambayi matarsa ko ƴaƴansa, ka ce su adana takardunsa da lambobinsa nesa da gara. Abin da ka rubuta yau, shi jikokinka za su karanta gobe.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba na raye lafiya.