Gahawar Habashawa a Washinton

Juyin mulkin 1974, da ya kifar da Sarkin Habasha Haile Selassie, da dokar 'yan gudun hijira ta Amurka ta 1980, su suka tara Habashawa a Washinton da kewayenta, daga unguwar Adams Morgan har garin Silver Spring. A ganina, gahawa ce ta riƙe zumuncinsu a baƙon wuri. Ana soya 'ya'yanta a gaban baƙi, a turara lubban, a dafa a butar jebena, a sha zagaye uku: abol, tona, baraka. Wani zai ce yanzu ta zama hajar gidajen abinci. Da gaskiyarsa, amma a cikin gida, wanda ya tashi kafin baraka har yau ana ganin gaggawarsa.