BABI NA BIYU: FAIFAN GARMAHO DA TSAKUREN KIƊA A BIRNIN ZARIYA

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda kiɗan Hausa ya shiga faifan garmaho, musamman kiɗan birnin Zariya, da kuma abin da ke iya samun faifan idan ya faɗa hannun masu haɗa kiɗan zamani. Abin da ake nufi da tsakuren kiɗa a nan shi ne a yanko ɗan guntun sauti daga tsohon faifai, a dasa shi cikin sabuwar waƙa.

2.1 Kiɗa Kafin Zuwan Faifai

A cikin ganuwar Zariya kowane kiɗa yana da mai shi. Tambari da kakaki na sarki ne, kuma a ƙofar fada ake jin su, kamar a lokacin sara ta daren Juma'a ko ranar hawan salla. Kalangu an san shi da mahauta, gangar noma kuwa ta manoma ce. Smith (1957), wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa roƙo hanya ce ta bayyana matsayin mutum a cikin al'umma. Saboda haka take magana ce da ganga ke yi a kan wani mutum ko wata sarauta, kuma mai sauraro ya san wanda ake nufi.

2.2 Zamanin Garmaho

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kuma ta kantunan Sabon Gari ne kayan Turawa suka riƙa shiga birni. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, har da na Hausa. Faifan wancan lokaci yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowace fuska ba ta wuce kimanin minti uku. Wannan ya takura makaɗin Hausa, wanda ya saba ya ja waƙa gwargwadon kyautar da ke fitowa. A 1948 aka fito da babban faifan roba a Amurka, mai cin kimanin minti ashirin a fuska ɗaya.

A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanonin Granada da EMI. Rediyo da faifai suka kai muryoyin irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos gidajen da ba su taɓa takawa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988.

2.3 Faya-fayan Ames

A 1963 da 1964, zamanin Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu, wani masani Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna a Zariya yana nazarin makaɗa da ɗaukar sautinsu. Daga aikinsa aka buga faya-fayai biyu na kiɗan Hausa a Jamus, cikin jerin kiɗe-kiɗen Afirka na hukumar UNESCO. A 1971 shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Ta haka kiɗan fada da na sana'a ya sami mazauni a ɗakunan karatu na Turai da Amurka.

A gida kuwa, kaset ya ture faifai daga ƙarshen shekarun 1970, domin ya fi araha kuma ana iya kwafarsa. Zafi yana lanƙwasa faifan roba, ƙurar hunturu tana cike layukan da allura ke bi, ga shi allurar kanta ta yi wuyar samu. Daga shekarun 1990 masu haɗa waƙoƙin finafinan Hausa suka rungumi fiyano ƙirar Yamaha, wadda ke kwaikwayon sautin ganga ba tare da makaɗi ba.

2.4 Tsakure da Haƙƙin Makaɗi

Tsakure ya samo tushe ne daga kiɗan hip-hop na birnin New York a shekarun 1970, inda ake maimaita wurin da ganga ta fi daɗi a faifai. Na'urori irin su Akai MPC60 ta 1988 sun sauƙaƙa aikin, har neman tsofaffin faya-fayai ya zama sana'a. A 1991 wata kotu a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Biz Markie cewa tsakure ba da izini ba keta haƙƙin mallaka ne.

Sai dai wannan kariya ba ta cika kaiwa ga makaɗan gargajiya ba. A cikin jerin nan na UNESCO da faya-fayan Ames suka fito, akwai faifan mutanen Ba-Benzele na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, na 1966. Ƙungiyar Herbie Hancock ta kwaikwayi busarsu a faifanta na 1973, sannan aka tsakuro wannan kwaikwayo a wata waƙar Madonna ta 1994. Feld (1996) ya nuna cewa izini da riba sun zagaya ne tsakanin kamfanoni da manyan mawaƙa, ba su koma wa masu busar ba.

Ga kiɗan Zariya, matsalar ta wuce ta kuɗi. Wanda ya yanko daƙiƙa huɗu na tambari ya ɗora waƙar soyayya a kai, ya raba take da mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya, amma doka ba ta da tasiri idan ba a san wanda ya yi kiɗan ba.

2.5 Kammalawa

An ga cewa faifai ya adana kiɗan Hausa, amma ya cire shi daga muhallinsa, tsakure kuwa yana ƙara nisanta shi. Ya kamata masu tara faya-fayai da sassan jami'a su mayar da sautin cikin kwamfuta, tare da rubuta sunan makaɗi da unguwarsa da wanda aka yi wa kiɗan, tun dattawan da ke iya fassara take suna raye.