Tayar tirela: nauyin da take ɗauka da iskar da take buƙata

Jama'a, a Turai da Amurka akwai wata tirela da ake ɗaura wa mota a baya, cikinta da gado da wurin girki, iyali su ja ta su tafi hutu. A Faransa karaban suke ce mata, kuma ƴan uwanmu da ke can sun san ta. Mu nan gida, ƴar uwarta ita ce ƙaramar tirelar da ake ja da buhunan albasa ko tankin ruwa. Ƙa'idar tayarsu ɗaya ce: iskar da ke ciki ita ke ɗaukar kaya, roba riƙe ta kawai take yi.

Lambar nauyi

Ku duba gefen taya, za ku ga rubutu kamar haka: 185 R14 C 102/100 R. Harafin C yana nufin tayar ɗaukar kaya ce, an ƙarfafa jikinta. Lamba 102 kuwa ba kilo ba ce, alama ce, ma'anarta kilo 850. Ta biyun, 100, tana aiki ne idan an haɗa taya biyu gefe da gefe kamar a bayan babbar mota. Ga wasu da ya kamata mu riƙe: 90 kilo 600 ne, 96 kilo 710, 100 kilo 800, 104 kilo 900. Harafin ƙarshe na gudu ne: N kilomita 140 a awa, Q 160, R 170.

A Amurka tayar tirela tana farawa da ST. Idan ba a rubuta gudunta ba, kada a wuce mil 65 a awa, wato kusan kilomita 105.

Yadda ake lissafi

A jikin tirelar kamfani akwai ƴar faranti ta ƙarfe da ke faɗin iyakar nauyinta da kaya. A Faransa PTAC ake rubutawa, a Amurka GVWR. A raba wannan nauyi da yawan tayu. Misali, tirela mai ƙafa biyu, kilo 1,500: kowace taya 750 ke nan. Sai a ƙara kashi 10 cikin 100, don kaya ba sa zama daidai a kowane gefe. Ya zama 825. To, kun ga mai lamba 100 ba ta isa ba, sai 102 ko sama. Tirelar da maƙeri ya haɗa, wadda ba ta da faranti, sai a ƙirga buhu a haɗa da nauyin ƙarfenta.

Wanda ya sa wa tirela tayar ƙaramar mota, ya rage kusan kashi 10 daga abin da aka rubuta. Mai kilo 600 a ɗauke ta kamar 545.

Iska

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Kilo 850 ɗin nan, taya ba ta ɗaukarsa sai an cika ta zuwa iskar da aka rubuta a gefenta, wato bar 4 da rabi, ko psi 65. Ƙaramar mota kuwa bar 2 zuwa 2 da rabi ake sa mata. Idan mai faci ya busa wa tirela iskar da ya saba sa wa taksi, ƙarfin tayar ya ragu sosai. Gefenta zai riƙa lanƙwasawa, ta ɗau zafi, ta fashe. Tirela kuwa in ta fara lilo, tana iya jan mota ta fitar da ita daga hanya.

A auna iska da safe, kafin a tashi, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba. Kan hanya iskar za ta ɗan hau, musamman a bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 tsakanin Maradi da Damagaram. Wannan hawan ba matsala ba ne. Kada a sace iskar taya tana da zafi, don in ta huce za ta koma ƙasa da abin da ake so.

Shekarun taya

Tayar tirela ta fi mutuwa da tsufa, ba da cinyewa ba, don ta fi zama a rana ba aiki. Ku nemi rubutun DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Wannan ya shafe mu ƙwarai, tunda yawancinmu tayar hannu muke saye, wadda ta gama aiki a Turai. Zanenta na iya zama da kyau alhali robar ta bushe. Kamfanin Michelin ya ce kada taya ta wuce shekara 10, masu karaban kuwa da yawa tun daga shekara 5 suke canjawa. In kun ga tsage ko kumburi a gefe, ku bar ta ko nawa aka rage muku.

Kada a manta da ta safaya, ita ma a auna ta. A sauka lafiya.