Asiri Gadon Gida: Daga Dala Zuwa Dutsen Zuma

Duk wanda ya taso daga Paikon Kore, ya bi ta Gwagwalada ya doshi Zuba, ba zai rasa hango Dutsen Zuma ba. Mu a yau hotonsa muka fi sani, wanda aka buga a bayan takardar naira ɗari tun 1999. Ga magabata kuwa mazaunin iskoki ne, kuma ba kowa ke kusantarsa ba.

Abin lura a nan shi ne, a tsohuwar al'adar ƙasar nan asiri gadon gida ne. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Barbushe jinin Dala ne, kuma daga kakanninsa ya gaji sirrin Tsumburbura. Shi kaɗai ke shiga wurinta, sannan ya fito ya shaida wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Hatta 'yan bori sai da suka tsara wa iskoki dangantaka a birnin Jangare, da gidaje da aure da sarautu, tamkar dai fadar Hausa.

Haka abin yake a Zuma. Jihadi ya kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya zuwa Zuba, ƙanensa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1828. To amma sarauta ba ta ba su mabuɗin dutsen ba. Wannan ya ci gaba da zama a hannun Koro da ke gindinsa. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, marubuta tarihin Abuja, sun ruwaito cewa sarakuna kan aika da baƙin sa da baƙin bunsuru da baƙin kare domin tsafin. Wato baƙo, ko da sarki ne, ta hannun ɗan ƙasa yake gaisawa da iskokin ƙasa.

Mu manazarta muna da namu laifin. Mun ɓata tawada mai yawa wajen bin sawun Bayajida zuwa Bagadaza, alhali a Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono matoyar ƙarfe da mutum-mutumin yumɓu irin na Nok, masu shekaru fiye da 2,000. Ba mu da hujjar cewa Gbagyi ko Koro jikokin waɗannan maƙera ne, kuma bai kamata mu ƙaƙaba musu ba. Sai dai tun da dokar 1976 ta mai da yankin Babban Birnin Tarayya, an tashi ƙauyuka da dama sun bar kushewun iyaye a baya, dattawan da suka riƙe salsalar waɗannan gidaje a ka kuwa suna ta ƙarewa.