2.3 Asalin Kalmar "Morocco" da Dangantakarta da Fatar Sakkwato

A Turancin Ingilishi kalmar morocco tana da ma'ana biyu. Ta farko sunan ƙasar Maroko. Ta biyu kuwa wata irin jemammiyar fatar akuya ce mai laushi da ƙarko, wadda ake yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Ma'ana ta biyun ita ta shafi wannan bincike.

Tushen kalmar shi ne Marrakush, birnin da Murabiɗai suka kafa a ƙarni na 11. Larabawa Magrib suke kiran ƙasar, amma Turawa suka laƙaba mata sunan babban birninta. Mutanen Sifen suka ce Marruecos, na Fotugal suka ce Marrocos, na Italiya suka ce Marocco, daga nan ta shiga Ingilishi. Wasu masana na ganin sunan birnin daga harshen Barbar ya fito, da ma'anar "ƙasar Ubangiji", sai dai ba a haɗu a kan wannan ba. Tun ƙarni na 17 Ingilishi ke kiran fatar da wannan suna, wato kafin Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809. Ke nan kuskure ne a ce don fatar Sakkwato aka ƙirƙiro kalmar, kamar yadda akan ji a bakin wasu.

Abin da ya tabbata shi ne, a ƙarni na 19 kaso mai yawa na fatar da ake sayarwa a Turai da wannan suna daga ƙasar Hausa ya fito, musamman fatar jar akuyar Sakkwato. Majema kan jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, fatake su kai ta Kano, ayarin raƙuma ya ratsa Sahara da ita ta Agadas da Gat da Gadamas. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ambaci jajayen fatun da ake kaiwa har Tarabulus. A lura, Tarabulus ba a Maroko take ba. Bature dai ya saba da sunan, sai ya ci gaba da kiran duk fatar da ta zo daga arewacin Afirka da shi. A ra'ayin mai wannan bincike, sunan ya bi mai sayarwa ne, ya bar majemi. Sai daga baya, da fatar ta riƙa fita ta bakin teku, masu ɗinkin littafi a Ingila suka soma ce mata Niger morocco.